Yadda Ake Gano Matsalar Wuta Da Ta Famfo A Injin Gahawa Na Esfireso

Darasinmu na yau a kan injin haɗa gahawa ne, irin wanda ake kira esfireso. Ba kowane gida ake ganinsa ba a ƙasar Hausa, inda shayi ya fi karɓuwa, amma ya fara shigowa: wani cikin kayan gwanjo na Turai da Amurka, wani tsarabar Saudiyya ko Dubai, wani kuma ta intanet aka yi odarsa.

Idan irin wannan inji ya tsaya a gari kamar Bakura, Talata Mafara ko Maradun, galibi shagon mai gyaran dutsen guga da fanka za a nufa da shi. A nan ake yin asara iri biyu. Ko dai mai gyara ya ce bai san kansa ba, a jefar da inji mai tsada a lungun ɗaki saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko kuma ya yi ƙarfin hali ya haɗe wayar da bai kamata a haɗe ba, injin ya ƙone, wani lokaci har ya ja mutum.

Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne: a yankinmu, kafin a zargi injin, sai an fara binciken wutar da ake ba shi da ruwan da ake zuba masa. Bayan nan sai a bi kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya da mita, ba da kintace ba.

Me ke cikin injin?

Esfireso gahawa ce da ake samu ta hanyar tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawa mai laushi da aka danne. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96, da matsin da ya kai bar 9, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Don mai karatu ya gane girman bar 9, ya kai kusan ninki huɗu na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, ko matsin ruwan tankin da aka ɗora a tsayin mita 90.

A Italiya aka ƙirƙiro wannan fasaha. Angelo Moriondo ya yi rajistar injinsa a birnin Turin a 1884, Luigi Bezzera ya inganta shi a Milan a 1901, sannan a 1961 kamfanin Faema ya fito da samfurin E61 wanda famfon lantarki ne ke samar da matsin, maimakon hannun mutum. Ƙananan injinan gida na yau, irin su Gaggia Classic, Rancilio Silvia da na kamfanin De'Longhi, duk a kan wannan tsari suke.

Idan ka buɗe murfin, abubuwa biyar ne manya:

1. Tukunyar dumama ruwa da elemen ɗinta. Aikinta ɗaya da na butar lantarki. A wasu injinan ba tukunya ba ce, curin ƙarfe ne da siririn bututu ya ratsa ta cikinsa.
2. Tamostat, mai yanke wuta idan zafi ya kai. Irin aikin da yake yi a dutsen guga ke nan.
3. Fiyus ɗin zafi, wanda ke tsinkewa idan tamostat ya gaza.
4. Famfo, wato ɗan injin da ke zuƙo ruwa daga tanki ya tura shi da ƙarfi.
5. Bawul-bawul da ke sarrafa inda ruwan zai bi.

Sababbin samfura suna da ƙarin fanel na lantarki. Ka ga ke nan duk wanda ya iya gyaran buta da dutsen guga, kuma ya san halin injin ban-ruwa, ya riga ya san mafi yawan abin da ake buƙata.

Kafin ka taɓa sukudireba

Cire filogi daga bango. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin a gidaje da yawa an juya wayar wuta da ta nutural a soket, ta yadda wuta na nan a cikin injin ko da an kashe shi. Bar shi ya huce, ka buɗe bututun tururi don matsin da ke ciki ya fita, sannan ka cire tankin ruwa. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare ko ɗaya.

Kayan aikin su ne: multimita mai auna bolt da om, sukudirebobi, filaya, babban sirinji marar allura, kofin awo, da faranti na tara ƙananan kusoshi.

Mataki na farko: karanta takardar da ke ƙarƙashin injin

Kowane inji yana da 'yar takarda a ƙasansa ko bayansa mai nuna bolt, wat da kuma Hz. Wutar Najeriya da ta Nijar bolt 220 zuwa 240 ce, Hz 50. Ta Amurka bolt 120 ce, Hz 60. Ta Japan bolt 100 ce.

Ga abin da ke faruwa idan aka jona injin Amurka kai tsaye. Elemen mai wat 1,200 da aka yi don bolt 120 yana da juriyar om 12. Idan aka ba shi bolt 230, zai ja wat 4,400 da ɗoriya, wato kusan ninki huɗu. Cikin ɗan lokaci fiyus ɗin zafi zai tsinke, koyil ɗin famfo ya ƙone, fanel ya tafi. Adafta mai canza siffar filogi ba ta canza bolt. Irin wannan inji sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya kai wat 2,000 ko fiye.

Wanda aka sayo a Saudiyya kuma, bolt ɗinsa yakan yi daidai da namu, amma wutar can Hz 60 ce. Elemen bai damu da wannan ba. Famfo ne ke ji a jikinsa: wanda aka yi don Hz 60 kaɗai yakan fi saurin ɗaukar zafi a kan Hz 50. Idan takardar ta ce 50/60, babu damuwa.

Mataki na biyu: auna wutar da ke shigowa

Mutanen wannan yanki sun ga misali a aikin noman rani na Bakolori. Dam ɗin da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 an tsara shi da sashe biyu: na ruwa mai gangarowa da kansa ta magudanai, da na feshi wanda ya dogara da famfunan lantarki. Na feshin ne ya tsaya, na gangaren ya ci gaba. Famfo ba ya wuce ƙarfin wutar da aka ba shi, babba ne ko ƙarami.

Saka mita a soket. Abin da ake so shi ne tsakanin bolt 207 da 253. A unguwar da taransifoma ta yi wa gidaje kaɗan, ko gidan da ke ƙarshen layi, wuta takan sauka ƙasa da haka sosai, musamman da yamma a lokacin zafi. Lissafin mai sauƙi ne. Elemen mai wat 1,200 na bolt 230 yana da juriyar om 44. A bolt 180, wat 736 kawai zai bayar. A bolt 160 kuma wat 582, ƙasa da rabi. Injin zai daɗe bai yi zafi ba, famfo zai yi ƙara a sanyaye, gahawa ta fito salam babu kumfa. Babu abin da ya lalace a cikinsa. Maganin shi ne sitabilaiza mai VA 2,000, ko 3,000 idan wutar na sauka sosai, domin ƙarfin sitabilaiza yana raguwa idan wutar da ke shigar mata ta yi rauni.

Ka kuma auna sau biyu a soket mai baki biyu: injin yana kashe, sannan yana dumama ruwa. Idan bambancin ya wuce bolt 10 zuwa 15, wayar gidan ta yi siriri ko akwai mahaɗar da ta saki. Taɓa filogin bayan minti biyar. Idan ya yi zafi, soket ɗin ne ko wayar ja mai arha da aka yi amfani da ita.

Janareta: ƙaramin nan mai cin fetur haɗe da baƙin mai, ƙarfinsa na gaskiya bai wuce wat 650 zuwa 800 ba. Ba zai ɗauki injin da ke buƙatar wat 1,000 zuwa 1,450 ba. Ana so janareta ya kai kVA 2.5, kuma a kashe firiza da dutsen guga yayin da ake haɗa gahawa.

Sola da inbata: inbata mai kVA 1 kimanin wat 800 take bayarwa, don haka za ta yi kuka ta yanke. Wat 1,200 daga batir mai bolt 12 yana nufin jan amfiya 100, abin da ke gajiyar da batir da wuri. Tsarin bolt 24 da inbata mai kVA 2.5 ya fi dacewa, kuma ta kasance mai fitar da wuta mai santsi irin ta layi. Inbata mai arha da ke fitar da wuta a gutsuttsure tana sa famfo gurnani da zafi, tana kuma rikita injin da ke da fanel. Mai sola ya fi kyau ya kunna injin da hantsi ko tsakar rana.

Idan injin ya mutu gaba ɗaya

Babu fitila, babu ƙara. Juya mita zuwa awon om ko wurin da take yin ƙara idan waya na tafiya, sannan ka bi wannan jeri, filogi a cire:

Fiyus ɗin filogi. Filogi mai ƙafa uku irin na Ingila yana da fiyus a ciki, galibi mai amfiya 13. Injin wat 1,200 amfiya 5 da 'yan kai yake ja, don haka idan wannan fiyus ya tsinke, akwai dalili. Nemo shi kafin ka saka sabo.

Igiyar wuta. Auna kowace waya daga filogi zuwa cikin injin kana lanƙwasa ta. Takan karye daga ciki a daidai inda ta shiga jikin injin, kuma ɓera ma yana yi mata ɓarna.

Makunni. Ya nuna tafiya idan an danna, ya yanke idan an saki.

Fiyus ɗin zafi. Ɗan ƙaramin abu ne kamar ƙwayar kafso, a cikin rigar roba, manne da jikin tukunya. An rubuta digirinsa a jikinsa. A Gaggia Classic digiri 184 ne. Lafiyayye yana nuna kusan om 0. Idan mita ta nuna babu tafiya, ya tsinke, kuma ba ya gyaruwa. Wasu injinan, kamar Rancilio Silvia, maimakon fiyus suna da tamostat na tsaro mai ɗan jan maɓalli a tsakiya, wanda ake dannawa ya dawo.

A nan ne ake tafka babban kuskure. Kada ka kuskura ka haɗe wayoyin biyu ka tsallake wannan fiyus. Shi ne mai gadi na ƙarshe tsakanin injin da gobara. Sa sabo mai digiri ɗaya da na da, kuma matse shi ake yi da ɗan ƙarfen matsi, ba a yi masa dalma, domin zafin dalma kaɗai ya isa ya tsinka shi. Sannan ka tambayi kanka me ya kashe na farko. Dalilai uku ne aka fi samu: tamostat ya maƙale a kunne, an kunna injin babu ruwa a tukunya, ko an ba injin bolt 120 wutarmu.

Fanel. Duba da ido. Kusa da inda wuta ke shiga akwai wani abu kamar kwabo, shuɗi ko rawaya, mai suna barista, wanda ke sadaukar da kansa idan wuta ta zo da ƙarfi fiye da kima. Idan ya yi baƙi ko ya fashe, shi da ɗan fiyus ɗin gefensa ake canzawa. Duba kuma gawar kyankyaso da tururuwa. Ɗumin injin da danshinsa na jawo su, kuma suna haɗe layukan fanel.

Idan fitila na kamawa amma ruwa ba ya zafi

Zare wayoyin elemen ka auna tsakanin ƙafafunsa biyu. Abin da ya kamata ka gani shi ne bolt sau bolt, a raba da wat. Ga injin bolt 230: wat 1,000 zai nuna kimanin om 53, wat 1,200 om 44, wat 1,450 om 36. Idan babu tafiya, elemen ya tsinke.

Idan elemen lafiya lau ne, koma kan tamostat. Galibi biyu ne, na gahawa da na tururi. A Gaggia Classic na farko digiri 107 ne, na biyu 145. A sanyi dukansu dole su nuna tafiya. Wanda bai nuna ba ya mutu. Akasin haka, idan injin na ta zafi ba ya tsayawa har tururi na fita ta inda gahawa ke fitowa, tamostat ya maƙale a kunne. Kashe shi nan take.

Injin da ke da fanel yakan yi amfani da ɗan sensa maimakon tamostat. Juriyarsa tana raguwa idan ya ji zafi. Riƙe shi a tafin hannu kana kallon mita. Idan lambar ba ta motsa ba, ko babu tafiya sam, shi ne mai laifin.

Idan injin na jan mutum ko yana jefar da bireka

Auna tsakanin kowace ƙafar elemen da jikin tukunya, mita a kan awon om mafi girma. Bai kamata a ga tafiya ko kaɗan ba. Idan an gani, rigar elemen ta tsage, wuta na shiga ruwa da jikin injin. Wannan elemen ya gama aiki. Wani lokaci kuma ɗigon ruwa ne daga tiyo ke sauka a kan waya, wanda za ka gane da farin tabo ko tsatsa a wurin.

Gidaje da yawa a garuruwanmu ba su da wayar ƙasa a soket, wasu kuma akan karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga. Injin da ya haɗa ƙarfe, ruwa da wuta bai dace da wannan ganganci ba. A sa mai wayarin ya kafa sandar ƙasa ya jawo waya zuwa soket ɗin kicin, ya kuma saka bireka mai yanke wuta idan ta zurara.

Famfo: saurari ƙararsa

Mafi yawan injinan gida suna amfani da famfo mai karkarwa, kuma wanda ya fi yawa shi ne na ULKA daga Italiya, samfurin EP5 mai bakin roba ko EX5 mai bakin tagulla. Na bolt 230 wat 48 yake ci. Babu mota mai juyawa a cikinsa. Koyil ne ke zama maganaɗisu ya ja fistin baya, sifirin ya dawo da shi gaba, sau 50 a daƙiƙa a kan wutarmu. Ƙananan bawul biyu ne ke hana ruwan komawa. An rubuta 2/1 a jikinsa, ma'ana aikin minti biyu, hutun minti ɗaya. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki, kiyaye wannan hutu ya zama dole.

Ƙarar famfo tana faɗin ciwonsa. Hali huɗu ne.

*Na ɗaya: shiru, babu ƙara sam.* Wuta ba ta isa gare shi, ko koyil ya ƙone. Duba makunnin gahawa, sannan ɗan abin kariya daga zafi da ake maƙalawa a jikin famfon wasu injinan. Duba ko tanki ya zauna daidai, domin wasu samfuran ba sa tashi idan ba su ji tanki ba. A kula da wani abu da ke ruɗar masu gyara: akwai dayod a cikin famfon, saboda haka mita a kan awon om tana iya nuna babu tafiya alhali famfon lafiya lau ne. Juya mita zuwa awon dayod, ka gwada ta fuska biyu kana musanya wayoyin mitar. Lafiyayye yana nuna lamba ta fuska ɗaya. Idan babu komai ta kowace fuska, ya tsinke. Auna bolt a ƙafafun famfo yayin da injin ke kunne aikin wanda ya ƙware ne kawai. Idan bolt 230 na isa amma babu motsi, famfon ne. Idan ba ya isa, matsalar na baya, a makunni ko fanel.

*Na biyu: ƙara mai ƙarfi kamar ana kaɗa gwangwani, babu ruwa.* Famfon iska yake bugawa. Duk manomin rani a Bakura ya san ba a tayar da injin ban-ruwa sai an cika cikinsa da ruwa, kuma ƙaramar huda a tiyon zuƙa ta isa ta hana shi ja. Haka abin yake a nan. Yana faruwa idan tanki ya ƙare ana cikin aiki, ko injin ya daɗe a ajiye, kamar yadda na gwanjo suke. Cika tanki, buɗe bututun tururi gaba ɗaya, ka kunna famfo na daƙiƙa 20 zuwa 30. Idan bai ja ba, cika sirinji da ruwa, ka haɗa shi da tiyon zuƙa, ka tura a hankali yayin da famfon ke aiki. Da zarar ya kama, ƙarar za ta sauya ta yi taushi. Duba tiyon ko ya tsage ko ya lanƙwashe, da ɗan bawul ɗin gindin tanki ko ya maƙale.

*Na uku: ƙara a danne kamar gurnani, babu ruwa ko sai ɗigo.* Famfon na turawa, hanya ce ta toshe a gaba. Raba matsalar gida biyu. Cire ludayin gahawa ka kunna. Idan ruwa ya zubo sosai, injin lafiya yake: garin ya yi laushi da yawa, an danne shi fiye da kima, ko ramukan kwandon ludayin sun toshe. Idan ruwa na fita ta bututun tururi amma ba ya fita ta kan ludayi, toshewar tana a rariyar da ke saman ludayi ko a bawul mai koyil da wasu injinan ke da shi. Wannan bawul yana yin ɗan ƙas idan an danna makunni. Ramin cikinsa ƙanƙane ne ƙwarai, ɓarɓashi ɗaya ya isa ya rufe shi. Kwance shi ka wanke. Idan ruwa ba ya fita ta ko'ina, toshewar na bakin famfo ko mashigar tukunya.

*Na huɗu: ruwa na zuwa amma babu ƙarfi.* Bayan ka tabbatar bolt ya cika kuma garin gahawar ba tsoho ko mai gautsi ba ne, duba tiyon da ke mayar da ruwa tanki. Akwai bawul mai rage matsi, domin famfon na iya kaiwa bar 15 alhali 9 ake buƙata. Idan ruwa na kwarara ta wannan tiyo tun ba a saka ludayi ba, bawul ɗin ya maƙale a buɗe, kuma wanki yake so, ba sabon famfo ba. Idan ruwa na tsiyaya ta gefen ludayi, robar da ke rufe bakin ce ta bushe. Idan duk waɗannan lafiya suke, famfon ya gaji. Sabon EP5 da ba a tare bakinsa ba yana ba da fiye da rabin lita a minti ɗaya. Wanda ke ba da ƙasa da haka sosai, robobinsa ko ɗan ƙwallon bawul ɗinsa sun cinye, ko sifirin ya karye. Ana iya kwance shi a kan faranti a wanke, a jera kayan yadda suka fito, amma canza shi gaba ɗaya ya fi ɗorewa.

Ruwa: tushen yawancin toshewa

Leƙa cikin butar da ake tafasa ruwa a gidan. Idan akwai farin ƙanzo a gindinta, irinsa na taruwa a cikin injin, inda hanyoyin ruwa suke sirara. Ruwan rijiya da na burtsatse sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa, don haka butar gidanka ce shaidarka. Akwai kuma 'yar na'urar TDS mai kama da biro, wadda ke auna yawan ma'adinan da suka narke a ruwa. Masana gahawa sun fi son awo tsakanin 75 da 250. Ruwan gulbi ko na magudanar dam, ko da ya kwanta, yana ɗauke da laka mai cinye robobin famfo. Kada a zuba shi.

Don wanke ƙanzo, narka giram 20 zuwa 30 na garin sitirik asid, wanda masu haɗa lemo ke amfani da shi, a lita ɗaya ta ruwa. Zuba a tanki, fitar da kofi guda ta bututun tururi da kofi guda ta kan ludayi, kashe injin na minti 15 zuwa 20, ka maimaita har ya ƙare. Sannan ka ɗauraye da tanki biyu na ruwa mai kyau. Injin da tukunyarsa ta alminiyom ce ya fi aminci da maganin da kamfaninsa ya tanada. Kada a matsa lemun tsami a zuba, domin ɓargonsa na toshe bawul. Ruwan batir da maganin wanke bayi kuwa, ko kusa kada su zo: suna cin ƙarfe, kuma abin sha ake haɗawa a ciki.

Inda ruwa ke da ƙanzo, a yi wannan wanki duk bayan wata biyu ko uku. Lokacin hunturu a riƙa rufe injin da tankinsa saboda ƙura.

Wajen sayen kayan gyara

Fiyus ɗin zafi da tamostat ana samunsu wurin masu sayar da kayan gyaran dutsen guga da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, a manyan kasuwanni irin na Gusau, Sakkwato da Sabon Garin Kano. Tafi da tsohon a hannu, ka dace digiri da amfiya. Famfo kuwa galibi sai an yi oda ko a ciro daga wani mataccen inji. Duba abu uku a jikinsa: bolt 230, Hz 50, da lambar samfur. Wanda ya sa famfon bolt 120 a injin bolt 230 zai ƙone shi nan take. Wanda aikin fanel ya fi ƙarfinsa, ya nemi mai gyaran talabijin ko wanda ya karanci lantarki, irin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara.

Kammalawa

Ga jerin a taƙaice, don a rubuta a manna a bangon shago:

1. Karanta takardar injin: bolt, wat, Hz.
2. Auna soket, injin na kashe da kuma yana aiki.
3. Ya mutu gaba ɗaya: fiyus ɗin filogi, igiya, makunni, fiyus ɗin zafi, fanel.
4. Ba ya zafi: elemen, tamostat, sensa.
5. Yana jan mutum: elemen da jikin tukunya, ɗigon ruwa, wayar ƙasa.
6. Famfo shiru: wuta ko koyil. Ƙara mai ƙarfi: iska. Gurnani: toshewa. Rashin ƙarfi: bolt, bawul mai rage matsi, sannan famfon kansa.
7. Kada a tsallake fiyus ɗin zafi, komai matsin lambar mai kaya.

Wanda ya bi wannan jeri zai ga cewa famfo da fanel, waɗanda su ne masu tsada da wahalar samu, su ne na ƙarshe da ake zargi. Kuma hanyar ba ta tsaya kan injin gahawa ba. Da ita ake binciken dutsen guga mai tururi, na'urar sanyaya ruwan sha da butar lantarki. A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu duba yadda ake zaɓen sitabilaiza da inbata daidai da kayan kicin masu cin wuta. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, tare da sunan samfurin injinsa da abin da mita ta nuna masa.